AC ɗin da ke yanke kansa da la'asar: nazarin matsalar obalodi a wani gida a Kano

Gidan da na'urar

Gidan yana wata unguwa a gefen birnin Kano, cikin irin unguwannin da gine-gine suka yi wa taransfoma yawa. Wutar layi tana shiga gidan fes uku, wato ta layuka uku daban-daban. AC ɗin da ake magana a kai yana ɗakin Hajiya, mahaifiyar maigidan, tsohuwa mai hawan jini, a sashen da ke can ƙuryar gida, tafiyar waya kusan mita 30 daga inda mitar wuta take.

Na'urar irin mai rabi biyu ce, ɗaya a cikin ɗaki ɗaya a waje, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wato BTU 12,000. Ba mai inbata ba ce: kwamfuresonta, wato injin da ke matsa gas ya zagaya, gudu ɗaya gare shi, ko yana aiki ko ya tsaya. An saye ta a 2019. Ga abin da ke rubuce a takardar da ke manne jikin injin waje: wuta bolt 220 zuwa 240, jan wuta na yau da kullum amf 5.6, iyakar jan wuta amf 8, gas R22 giram 850, ajin yanayi T1. A jikin kwamfureson kuma an rubuta LRA 30, ma'ana amf 30 yake fizga a ɗan lokacin da yake ƙoƙarin tashi kafin ya fara juyawa. Kafasitonsa mai maikrofarad 35 ne.

An kafa injin wajen a bangon yamma, bayansa bai fi santimita 8 daga bango ba. Saboda ɓarayin jan ƙarfe an kewaye shi da kejin ƙarfe mai ƙananan ramuka, daga baya kuma aka ɗora masa fallen kwano a sama don kare shi daga rana. Katangar maƙwabta tana gabansa da kamar rabin mita. Tun da aka kafa shi, ragar tace ƙura ta cikin ɗaki kawai ake wankewa. Injin waje bai taɓa ganin ruwa ba sai na sama, shi ma kwanon ya tare.

Maris 2024: yadda abin ya fara

An ɗauki azumi ranar Litinin 11 ga Maris. A makon farko Hajiya ta fara cewa ɗakin ba ya sanyi da rana. Da aka sa ido, aka ga abin yana da tsari. Daga wajen ƙarfe biyu zuwa biyar na yamma, kwamfureso zai yi aiki minti 15 zuwa 20, sai a ji ƙas daga waje, rugugin ya ɗauke. Fankar waje tana ci gaba da juyawa, ta ciki ma haka, amma iskar ba sanyi. Bayan kamar rubu'in awa sai ya sake tashi da kansa, ya sake yankewa.

Da daddare abin daban yake. Tsakanin sallar isha'i da ƙarfe goma sha ɗaya, kwamfureson ba ya ma tashi. Zai yi gurnani na daƙiƙa huɗu ko biyar, ƙwan ɗakin ya dusashe, sai ƙas, shiru. Daga ƙarfe ɗaya na dare zuwa hantsi kuwa lafiya ƙalau yake aiki, har Hajiya takan ja bargo bayan sahur.

Ƙarar da ake ji ta obalodi ce. Wani ɗan abu ne mai girman murfin kwalba, yana zaune a saman kwamfureso ƙarƙashin murfin da wayoyi ke shiga. A cikinsa akwai faifan ƙarfe iri biyu da aka manne, masu bambancin buɗewa in sun ji zafi. Duk wutar da kwamfureso ke ja sai ta bi ta cikinsa, kuma jikinsa yana taɓa jikin kwamfureson. Saboda haka abu biyu ne ke ɗumama shi: yawan wutar da ke wucewa, da zafin gangar jikin injin. In zafin ya kai iyaka faifan ya lanƙwashe ya raba wuta, in ya huce ya koma ya haɗa. Ba ya bambance abin da ya jawo zafin, yankewa kawai ya sani.

Gyara na farko, 19 ga Maris: ƙarin gas

Mai gyara na farko ya zo da misalin ƙarfe tara na safe, lokacin da na'urar ke aiki daidai. Ya ɗaura geji, wato ma'aunin matsin gas, a bakin bututun da gas ke komawa, allura ta nuna psi 60. Ya ce da maigida: "Alhaji, gas ne ya yi ƙasa." Ya haɗa tukunyar R22 ya riƙa buɗewa har allura ta kai 75. Bai auna nauyin abin da ya zuba ba, bai auna jan wuta ba, bai nemi wurin da gas ke zurarewa ba. Yaron gidan da ya riƙe masa tsani ya ce bai ga ya fitar da iskar da ke cikin tiyo kafin ya buɗe tukunyar ba. Duka aikin bai kai rabin awa ba.

Zargin gas ba shirme ba ne a asali. Irin wannan kwamfureso da gas ɗin da ke zagayawa yake samun sanyi, don haka in gas ya yi ƙaranci jikinsa yakan yi zafi har obalodi ya yanke, ko da jan wutar bai hau ba. Amma psi 60 da safe, iska ba ta yi zafi ba tukuna, bai fita daga abin da ake tsammani a na'ura mai R22 ba.

Da la'asar ɗin ranar kwamfureson ya yanke bayan minti goma. Washegari ma haka. Na dare bai canza ba.

Gyara na biyu, 26 ga Maris zuwa 6 ga Afrilu

Na biyu ya fi na farko kayan aiki. Yana da mita mai auna kafasito, kuma da ya cire na jikin injin ya auna, sai ya samu maikrofarad 27 maimakon 35. Samansa ya ɗan kumbura. Kafasito shi ne ke karkatar da wutar da ke shiga naɗin waya na biyu a cikin motar kwamfureso, wanda ke ba ta ƙarfin tashi da daidaiton gudu. In ya yi rauni, motar tana wahalar tashi, kuma tana jan wuta fiye da ƙima a babban naɗin. Abin da aka yarda da shi kashi 5 cikin 100 ne sama ko ƙasa, wannan kuwa ya faɗi da fiye da kashi 20. Ya sayo sabo a Sabon Gari ya sa. Ya kuma canza obalodin da wani da ya zo da shi a jaka, ba tare da ya duba ko lambarsa ta dace da kwamfureson ba.

An samu sauƙi na kwana biyu ko uku. Da daddare kwamfureson ya riƙa tashi a gwaji na biyu ko na uku. Sai zafi ya ƙaru. Farkon Afrilun 2024 ne yankin Sahel ya sha wani matsanancin zafi, har garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga wata. Kano ba ta kai can ba, amma ta wuce 40, ga azumi a baki. Kowane gida mai fanka ko AC ya kunna, wutar dare ta ƙara rauni, matsalar ta dawo yadda take.

Mai gyaran ya ce lo-karan ne, a sayi sitabilaiza. Aka sayo mai 5,000 VA aka ajiye a ɗakin Hajiya, aka jona ta a soket ɗin bango, AC kuma a jikinta. Allonta yana nuna 220 muddin kwamfureso bai yunƙura ba. Da ya yunƙura sai lambobin su zube, ta yi ta ƙas-ƙas tana canza mataki, kwamfureson ya yi gurnaninsa ya yanke. Bayan kwana uku aka lura fuskar soket ɗin ta fara canza launi, tana da ɗumi in an taɓa.

Ranar Asabar 6 ga Afrilu, saura kwana huɗu sallah, maigida ya matsa. Mai gyaran ya ce obalodin ne ke da saurin yankewa, bari a cire shi zuwa bayan sallah. Ya haɗa wayoyin biyu kai tsaye. Da misalin ƙarfe uku na rana aka kunna, kwamfureson ya yi aiki ba tsayawa kusan minti 50, ɗaki ya fara sanyi. Daga nan aka ji ƙauri a tsakar gida, rugugi ya ɗauke, bai sake tashi ba. Mai gyaran ya leƙa ya ce kwamfureso ya ƙone, sai dai a sa wani. Kuɗin da ya yanka ya kusa rabin kuɗin sabuwar na'ura. Maigida ya ce a bari sai bayan sallah, aka mayar da Hajiya falo inda wani AC yake.

Litinin 15 ga Afrilu: awo kafin taɓa komai

Na uku dattijo ne da ya daɗe yana gyaran ɗakunan sanyi na masu kifi da masu ƙanƙara. Tambayarsa ta farko ita ce ƙarfe nawa abin ke faruwa. Da aka gaya masa sau biyu ne, rana da dare, kuma kamanninsu daban, sai ya ce: "To, Alhaji, zuwa biyu zan yi yau, kuma ba zan sayi komai ba tukuna."

Ya zo da ƙarfe ɗaya. Ya kashe wuta ya buɗe murfin saman kwamfureso. Ɗaya daga cikin ƙananan maƙalan da ke riƙe waya a ƙafafun kwamfureso ya narke ya saki, robar wayar ta zama gawayi. Ƙaurin da aka ji ke nan. Ya cire wayoyin duka ya auna turjiyar naɗin motar a ƙafafun nan uku masu alamar C, R da S. Daga C zuwa R om 2.1, daga C zuwa S om 3.3, daga R zuwa S om 5.4. Na ukun jimillar biyun farko ne cif, yadda ya kamata lafiyayyen naɗi ya nuna. Ya kuma gwada kowace ƙafa da jikin kwamfureson da mega, wato na'urar gano zurarewar wuta, mai bolt 500, bai ga alamar wuta na zurarewa zuwa jiki ba. Kwamfureson bai ƙone ba. Maƙalin ne ya riga naɗin narkewa, ya yanke wutar.

Ya goge ƙafar, ya sa sabon maƙali, ya mayar da obalodin asali, wanda yaron gidan ya adana a leda. Ya cire sitabilaizar daga layi domin ya ga wutar yadda take. Ƙarfe uku daidai ya kunna, ga abin da ya rubuta a littafinsa:

Zafin iska a inuwar tsakar gida digiri 41. Zafin iskar da ke shiga bayan injin waje, a cikin keji, digiri 50. Zafin bututu a tsakiyar kwandansa, wato jerin bututun injin waje da ke fitar da zafi, digiri 70. Zafin bututun da gas ke fita daga kwamfureso digiri 112. Geji a bututun komawa psi 88. Jan wuta amf 8.9. Wuta a mitar gida bolt 224, a ƙafar kwamfureso bolt 211. Obalodi ya yanke a minti na 11.

Akwai dalilin da ya sa ya bi bututu da ma'aunin zafi. Yawancin ƙananan AC masu rabi biyu baki ɗaya kawai suke da shi na ɗaura geji, a ɓangaren da matsi yake ƙasa. Ɓangaren da kwamfureso ke turawa, inda nauyin aikin yake, ba a ganinsa da geji. Amma gas da ke komawa ruwa a cikin kwandansa yana da ƙa'ida: kowane zafi da matsinsa. R22 a digiri 55 yana wajen psi 300, a digiri 70 kuwa ya kai wajen 420. Kenan kwamfureson yana tura gas a kan matsin da ya haura na ƙa'ida da fiye da psi 100, shi ya sa yake jan wutar da ta wuce iyakar amf 8 da aka rubuta masa.

Da ya haska tocila ta cikin fanka, haske bai ratsa kwandansar ba. Ta waje fuskarta ba ta nuna datti sosai, amma ta ɓangaren bango, inda iska ke shiga kuma ido ba ya kaiwa, ƙurar hunturu biyar ta haɗu da gashin tattabaru ta zama kamar bargo. Iskar da fanka ta samu ta turo kuma tana bugun katangar maƙwabta, kwanon sama ya hana ta tashi, sai ta kewayo ta sake shiga ta baya. Daga nan bambancin digiri 9 ya fito tsakanin iskar tsakar gida da wadda injin ke shaƙa. Na'ura mai ajin T1 an auna ƙarfinta ne a digiri 35, kuma an yi ta don ta jure har wajen 43. Mai ajin T3, wadda ake yi wa ƙasashe masu tsananin zafi, ita ce ake aunawa a 46, ta jure har 52.

Ya kuma tsaya a kan bolt 13 da ke ɓacewa tsakanin mita da kwamfureso. Wayar da aka ja an ce mai milimita 1.5 ce. Jan ƙarfe na gaskiya mai wannan kauri, mita 30 zuwa da 30 dawowa, yana da turjiya wajen om 0.73, wanda a amf 8.9 zai ci bolt 6 da rabi. An samu ninki biyu na haka. Ya ce akwai abin da ke cikin silin.

Ya dawo ƙarfe takwas na dare. A mitar gida, fes ukun sun nuna bolt 196, 205 da 214. Sashen Hajiya yana kan na 196, tare da famfon rijiyar burtsatse da firjin kicin. Ya ɗaura mitarsa ta awo a ƙafar kwamfureso, ya sa aka kunna. Allon ya faɗo zuwa wajen 153, jan wuta ya tsaya a kan amf 22, motar tana gurnani ba ta juya ba, a daƙiƙa ta biyar obalodi ya yanke. Ƙarfin juyin irin wannan mota yana tafiya ne da ninkin bolt a kan kansa, don haka a 153 abin da ya rage mata bai kai rabin ƙarfinta na bolt 230 ba. Ga shi kuma gas ya yi yawa, matsin da za ta ture ya fi na da.

Maigida ya tambaye shi ko a nemo obalodi mai ƙarfi wanda ba ya saurin yankewa. Ya ce: "Ranka ya daɗe, maigadi ne ya yi ihu, ba shi ne ɓarawon ba."

16 zuwa 18 ga Afrilu: gyara ɗaya, awo ɗaya

Ya tsara aikin yadda bayan kowane mataki zai sake awo tsakanin ƙarfe biyu da rabi zuwa huɗu, lokacin da zafin rana yake kusan ɗaya a kwanakin uku.

Ranar Talata da safe aka kwance kejin. Ya cire murfin saman injin, ya rufe akwatin wayoyi da leda, ya wanke kwandansar da ruwan tiyo daga ciki zuwa waje, domin dattin ya fita ta hanyar da ya shigo. Ya hana yaronsa amfani da injin wankin mota, don ƙarfin ruwansa yana kwantar da siraran fikafikan alminiyam ya toshe hanyar iska. Ruwan da ya fito ja ne kamar na kududdufi, sai da aka yi ta zubawa kafin ya washe. Da aka kunna, injin yana nan a wurinsa amma ba keji ba kwano, jan wuta ya sauko zuwa amf 7.8, iskar da ke shiga ta koma digiri 45. Obalodi bai yanke ba a cikin awa guda, karo na farko da hakan ta faru da rana tun Maris, ban da ranar da aka cire shi.

Da yamma mai walda ya zo. Aka ƙara tsawon ƙafafun da ke riƙe injin ya matso santimita 30 daga bango, aka ɗaga shi sama yadda iskar fanka za ta wuce ta kan katanga. Bututun yana da rarar da aka naɗe a baya, don haka ba a yi ƙari ba. Sabon kejin na sanduna ne masu tazara, rumfar kuma aka ɗaga ta kusan mita guda sama da injin, ta tare rana ba tare da ta danne iska ba.

Ranar Laraba aka koma kan gas. Ya zuƙe duk abin da ke ciki zuwa tukunyar ajiya a kan sikeli: kusan giram 1,100, inda ake buƙatar 850. Ya matsa naitirojin a bututun ya bar shi, allura ba ta motsa ba, wato babu inda yake yoyo, kuma ba a taɓa samun ƙarancin gas ba. Ya ja bakyum, wato ya zuƙe iskar da ke cikin bututun, fiye da rabin awa, ya rufe ya ga ya riƙe, sannan ya zuba sabon R22 giram 850 da sikeli. Bai mayar da wanda ya zuƙe ba, saboda yana zargin akwai iska a ciki, kuma bai san asalin tukunyar mai gyara na farko ba. Ana janye R22 daga kasuwannin duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, ƙasashe masu tasowa kuma wa'adinsu 2030 ne, don haka a ganinsa duk tukunyar da ba a san inda ta fito ba abin tuhuma ce. Awon ranar: iskar da ke shiga digiri 42, tsakiyar kwandansa digiri 55, bututun fita digiri 91, geji psi 72, jan wuta amf 6.6.

Ranar Alhamis aka shiga silin. Wayar da aka ciro an rubuta mata 1.5 a jiki, amma da aka fere ta aka gwada da ta gaskiya, ba ta fi mai milimita 1 ba. A tsakiyar hanya an yi mata ƙari, an murɗe bakin biyu an naɗe da salatif. Salatif ɗin ya ƙone ya bushe, katakon da ke kusa ya yi baƙi. Aka ja sabuwar waya mai milimita 4, guda ɗaya ba ƙari, daga allon rarraba wuta zuwa makunni mai amf 20 a ɗakin, da birekarta ita kaɗai, aka daina amfani da soket. Aka mayar da layin kan fes ɗin da ya fi ƙarfi da dare. Aka sa na'urar kariya mai hana wuta wucewa in ta yi ƙasa da bolt 185, mai kuma jinkirta tashi minti uku duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, domin matsin gas na ɓangarori biyu ya daidaita kafin kwamfureso ya yunƙura. A ƙarshe ya sa sabon obalodi mai lambar da ta dace da kwamfureson. Na asalin yana aiki, amma bakin da ke haɗa wuta a cikinsa ya sha tartsatsi na wata guda. Wanda mai gyara na biyu ya kawo kuwa na ƙaramin kwamfureso ne.

Awon la'asar: bolt 223 a mita, 221 a kwamfureso, amf 6.3. Awon ƙarfe takwas na dare: bolt 212 a mita, ya faɗo zuwa wajen 196 a lokacin tashi, motar ta juya nan take. Sitabilaizar aka kai ta falo kan talabijin.

Daga Mayu 2024 zuwa bazarar 2025

Hajiya ta koma ɗakinta ranar Juma'a 19 ga Afrilu. Har aka shiga damina obalodi bai sake yankewa ba. A watan Mayu an yi darare da AC ya ƙi tashi tsakanin takwas da goma, maigida ya kira a fusace. Da aka duba, na'urar kariya ce ta riƙe wutar, domin duka fes ukun sun sauka ƙasa da 185. Dattijon ya ce wannan ba na cikin gida ba ne, na taransfomar unguwa ne, kuma ya ƙi sauke iyakar da ya sa.

A Fabrairun 2025, kafin azumin da aka fara 1 ga Maris, an sake wanke kwandansar. Dattin hunturu ɗaya kawai ya isa ya canza launin ruwan. Awon Afrilun 2025, a rana mai digiri 40: amf 6.5, kafasito maikrofarad 34. Kwamfureson yana aiki, sai dai ƙararsa ta fi ta da kauri.

Abin da awon ya nuna

Matsala biyu ce ta fito ta baki ɗaya. Ta rana zafi ne da matsi: kwandansa a toshe, iska tana kewayawa, na'urar T1 tana shaƙar digiri 50. Ta dare rashin ƙarfin tashi ne: fes mai rauni, siririyar waya mai ƙonannen ƙari, da kafasito da ya gaji. Tun makon farko alamun sun rabu, ɗaya yana aiki ya yanke, ɗaya ba ya tashi sam, kuma kowanne da lokacinsa. Masu gyara biyun farko ba wanda ya zo a lokacin da abin ke faruwa da mita a hannu.

Aikin na farko gyaran gangar Auzinawa ne. Rarar gas giram 250 ta cika ƙasan kwandansar da ruwa, ta rage filin da zafi ke fita, a kwandansar da dama ba ta numfashi. Shi ya sa minti 20 ya koma 10 a ranar. Na biyu ya fi wuyar yanke wa hukunci, domin kafasiton da ya canza lalatacce ne da gaske, kuma maganarsa ta lo-karan gaskiya ce. Inda ya kauce shi ne bai tambayi a ina wutar ke raguwa ba. Sitabilaiza ba ta ƙirƙirar wuta: tana ɗaga bolt ne ta hanyar jan ƙarin amf daga bayanta. Da aka ajiye ta a ƙarshen siririyar waya, sai ta ƙara wa wayar nauyi, bolt ya ƙara faɗuwa kafin ya iso ta, ƙarin da ke cikin silin ya ƙara zafi. A ganina wannan ya fi batun kwamfureso haɗari, domin katakon rufin ɗakin tsohuwa ne ya fara baƙi. Cire obalodi kuwa ba shi da uzuri, ko da matsin maigida da sallah a gaba. Da maƙalin bai narke ba, da naɗin ne zai ƙone, kuma ƙonewar naɗi tana gurɓata mai da gas ta bar asid a bututu, wanda kan ci sabon kwamfureson da za a sa in ba a wanke layin ba. Da kuma an bi shawarar sayen wani kwamfureso ranar 6 ga Afrilu, da an ɗora shi kan kwandansa ɗaya, keji ɗaya, waya ɗaya.

In aka duba lambobin, ruwan tiyo da kwance keji su suka sauke amf 1.1 daga cikin 2.6 da aka rage, kuma su kaɗai suka tsayar da yankewar rana, tun kafin a taɓa gas. Gyaran gas da matsar da injin suka sauke 1.2, wanda yawancinsa warware aikin 19 ga Maris ne. Waya ba ta rage jan wutar rana sosai ba, amma ita da canjin fes suka magance na dare.

Abu biyu sun rage ba a warware ba. Minti 50 da kwamfureson ya yi ba kariya, da wata guda yana yankewa yana tashi, sun ci wani abu daga kwanakinsa, ƙarar da ta canza tana iya zama alamar haka. Na biyu, na'urar har yanzu T1 ce a bangon yamma a Kano, a ranar da zafi ya kai 43 tana bakin iyakarta ko da komai nata tsaf yake. Dattijon ya shaida wa maigida cewa ranar da wannan kwamfureso ya mutu kada a sa masa wani, a sayi na'ura mai ajin T3, a kafa injin wajenta a bangon arewa.